Kafin ka sayi katin hoto, fara auna akwatinka

Kusan kowane mako sai wani ya turo mini tambaya iri ɗaya: "Malam, wane katin hoto zan saya wa kwamfutata?" Wani mai haɗa bidiyon biki ne, Premiere Pro tana yi masa tafiyar hawainiya. Wani ɗalibin zanen gine-gine ne, Lumion ta ƙi buɗuwa. Wani kuwa ƙwallo kawai yake son bugawa ba tare da 'yan wasa suna tsinkewa a tsakiyar fili ba. Amsata gare su ɗaya ce, kuma ba ta cika yi musu daɗi ba: turo mini hoton cikin akwatin, da hoton takardar da ke manne a jikin fawa saflai, wato na'urar da ke rarraba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Sai na ga waɗannan biyun nake iya ambatar sunan kati, domin akwatin ne ke zaɓar katin da zai karɓa, kai biyan kuɗi ne naka.

Katin hoto shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira girafik kad, wasu su ce jifiyu. Akwati kuma shi ne gidan ƙarfen nan da muka saba ce wa sifiyu. Ka tanadi sukudireba mai bakin kuros, da tef ɗin awo irin na tela, da waya mai kyamara da tocila, da ƙaramin buroshin fenti mai laushi. Sai filas da ka sa wa manhajoji uku a ciki, GPU-Z da FurMark da DDU. Duk ukun kyauta ne.

Mataki na 1: Tabbatar cewa katin ne matsalar

Buɗe aikin da ke ba ka wahala, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai fito. Shiga shafin Performance, ka ci gaba da aikinka na kamar minti goma kana leƙa lambobin. Idan GPU, wato katin hoto, ce ke manne a kashi 95 zuwa 100 alhali CPU, wato firosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana hutawa, kati kake buƙata. Idan CPU ce ta cika, ko Memory (ram), ko Disk (had-dis), sabon kati ba zai yi maka maganin komai ba.

Firosesa ne ke yanka, kati ke ɗinki. Idan mai yanka ya yi nawa, tela zama zai yi komai gwanintarsa. Shi ya sa ba na goyon bayan a sa RTX 3060 a kan Core i5 na ƙarni na uku ko na huɗu. Katin zai yi aiki, amma wani ɓangare na kuɗinka yana kwance ba ya motsi. Masu shagon buga takardu da CorelDRAW kuwa, yawancinsu ba kati ke damunsu ba. Ram 4GB ne da tsohon had-dis. Su sa SSD, ma'ajiyar da ta fi had-dis sauri, su kai ram 8GB ko 16GB, su riƙe sauran kuɗinsu.

Mataki na 2: Gane irin akwatin da kake da shi

Gargaɗi kafin ka taɓa komai: kashe kwamfutar, zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma don ragowar wutar ta fita. Ka taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ka kai yatsa ciki, musamman lokacin hunturu, lokacin da ko hannun ƙofar mota ka taɓa sai ya ɗan ja ka. Wannan 'yar wutar ta jiki tana iya kashe kaya.

Kwamfutocin tebur da suka fi yawa a hannun mutanenmu tsofaffin na ofis ne da ake shigowa da su daga Turai da Amurka: Dell OptiPlex, HP ProDesk da EliteDesk, Lenovo ThinkCentre. Kowannensu yana zuwa da girma daban-daban. Akwai ɗan mitsitsin da bai wuce littafi ba, wanda ake rubuta wa Micro ko Mini ko Tiny. Wannan yawanci ba shi da ramin kati, ka ajiye maganar. Akwai siririn da ake kira SFF, wanda ake kwantarwa a ɗora monita a kai. Akwai dogon da ake kira MT ko Tower. Sai kuma akwatin haɗi, wanda aka sayi kayansa ɗaya bayan ɗaya aka harhaɗa; shi ne mafi sauƙin sha'ani.

Buɗe murfin gefe ka nemi rami mafi tsawo a kan madabod, babban allon da ake jona komai a jikinsa, ramin mai ɗan makulli a ƙarshensa. Shi ne PCIe x16, nan kati ke zama. Kada zancen "PCIe 3 ne ko 4" ya tayar maka da hankali, sabon kati yana aiki a tsohon rami, tsohon kati ma yana aiki a sabo. Akwai wurin da bambancin yake ciwo, zan faɗe shi a mataki na 5.

Mataki na 3: Yi awo huɗu, ka rubuta a takarda

A nan na taɓa yin kuskuren da har yau nake jin haushinsa. Na sayo wa ƙanina kati mai fanka uku, na biya kuɗin mota aka kawo daga Legas, muka zauna da daddare da tocilar waya za mu saka. Katin ya shiga rami ta baya, gabansa kuma ya tokare da kejin da had-dis ke zama. Bambancin bai kai faɗin yatsa biyu ba. Kejin kuwa ba da noti aka ɗaure shi ba, dasa shi aka yi da ƙusar ribit. Muka juya, muka karkata, har na fara tunanin zarto. Ƙarshenta sai da muka sayi wani akwati, muka kwashe komai muka mayar, kuɗin da ba ya cikin lissafi.

Ga abin da za ka auna.

Tsawo: ɗora kan tef a jikin ƙarfen baya, daidai inda ramin PCIe yake, ka ja zuwa gaba har ka ci karo da wani abu, ko keji, ko fanka, ko tarin wayoyi. Abin da ka samu, cire santimita 2. Kati mai fanka ɗaya yakan kai wajen santimita 17, mai fanka biyu 20 zuwa 25, mai fanka uku yakan kama daga 28 har ya wuce 32.

Tsayi: dubi ƙarfen da ke rufe ramukan baya. Idan tsayinsa ya kai wajen santimita 12, akwatinka na karɓar cikakken kati. Idan wajen santimita 8 ne, gajeren kati kawai zai shiga, wanda ake rubuta wa Low Profile ko LP. Duk siraran SFF haka suke.

Kauri: kowane rami na baya yana cin kusan santimita 2. Yawancin katuna suna cin rami biyu, manyan suna cin biyu da rabi ko uku. Duba abin da ke ƙarƙashin ramin PCIe ɗinka. A wasu siraran OptiPlex, ramin x16 yana dab da fawa saflai, ta yadda kati mai kaurin rami ɗaya kaɗai zai zauna, ko da gajere ne.

Sarari tsakanin saman kati da murfin gefe: fulogin wutar kati yawanci ta nan yake shiga, yana son santimita 3 zuwa 4 don waya ta lanƙwasa ba a matse ta ba.

Gargaɗi: sunan kati ba ya gaya maka girmansa. RTX 4060 na Zotac daban, na MSI daban, na Gigabyte daban, kai ko kamfani ɗaya yana da gajere da dogo a lamba ɗaya. Ka nemi cikakken sunan samfurin, ka shiga shafin kamfanin ka ga awonsa a milimita. Idan na hannu ne, ka ce mai kaya ya ɗora tef a kai ya turo hoto. Idan gajeren kati ne, ka tambaya ko gajeren ƙarfen bayansa yana nan, domin sau da yawa ana sayar da shi da dogon ƙarfe a jiki, gajeren ya ɓata.

Mataki na 4: Karanta fawa saflai

Wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ke ƙona kaya. Ka ba shi lokaci.

Haska takardar da ke jikinsa ka ɗauki hoto. Za ka ga babbar lamba, a ce 240W ko 500W. Kada ka tsaya a nan. Nemi layin da aka rubuta +12V, ka ga ampiya nawa ne a ƙarƙashinsa, ka ninka da 12. Kati da firosesa daga wannan layin suke sha. Idan an rubuta 500W da manyan baƙaƙe amma +12V yana da 18A, ainihin abin da kake da shi wat 216 ne. Irin waɗannan marasa suna, masu nauyin kwalin ashana, su ake yawan samu a cikin akwatunan haɗi masu araha. Ɗaga shi a hannu ma yana ba da labari, nagari yana da nauyi.

Sai ka duba wayoyin da suka fito daga cikinsa. Kana neman fulogi mai ido 6, ko mai ido 8 wanda sau da yawa yake rabuwa 6 da 2, an rubuta masa PCIe ko VGA. Lissafin wutar ba shi da wuya. Ramin madabod da kansa yana ba da wat 75. Fulogi mai ido 6 yana ƙara 75. Mai ido 8 yana ƙara 150. Manyan katunan Nvidia na baya-bayan nan suna da wani siririn fulogi mai ido 16 da ke ɗaukar har wat 600, amma mai sayen irin waɗannan ba tsohon akwatin ofis zai sa su ba.

Gargaɗi: akwai wani fulogi mai ido 8 na firosesa, wanda ke rabuwa 4 da 4, an rubuta masa CPU. Ya yi kama da na kati amma wayoyinsa a juye suke. Idan fulogi ya ƙi shiga da sauƙi, kada ka danna da ƙarfi.

Idan ba ka ga fulogin kati ko ɗaya ba, kamar yadda yake a yawancin kwamfutocin ofis, hanya biyu ce. Ko ka tsaya a katin da bai wuce wat 75 ba, wanda ramin kaɗai ke ciyar da shi, ko ka sauya fawa saflai. A akwatin haɗi sauyawar aikin minti ashirin ne. A na ofis kuwa akwai tarko: Dell da HP da Lenovo, a samfura da yawa, sun yi wa madabod ɗinsu fulogi nasu na kansu, mai ido 6 ko 8 ko 10 ko 14, maimakon mai ido 24 da kowa ya sani. Fawa saflai na kasuwa ba zai shiga ba sai da wayar juyi ta wannan samfurin takamaimai, kuma a siririn akwati ko wurin zama ba zai samu ba.

Gargaɗi mai girma: za a nuna maka wata 'yar waya mai arha da ke juya fulogin SATA ya koma mai ido 6 ko 8, a ce maka "ai kowa da ita yake amfani". Fulogin SATA an yi shi ne don abin da bai wuce wat 54 ba. Ka ja 150 ta cikinsa, robar za ta narke. Ba na ba kowa shawarar ta.

Nawa ya isa? Kamfanonin suna ba da shawara: wat 300 ga GTX 1650, 450 ga GTX 1660 Super da RX 6600, 500 ga RX 580, 550 ga RTX 3060 da RTX 4060. Sun bar rata a ciki saboda marasa inganci. Shi ya sa mutane ke gudanar da gajeren kati mai wat 50 zuwa 75 a kan OptiPlex mai wat 240 lafiya lau, tunda na Dell ɗin abin da ya rubuta shi yake bayarwa. Idan naka wat 180 ne, ni ba zan wuce kati mai wat 50 da 'yan kai ba. In za ka sayi sabo, nemi sunan da aka sani, irin su Corsair, Seasonic, Cooler Master ko be quiet!, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama.

Wani abu da ya shafe mu nan gida: wasu tsofaffin fawa saflai suna da ɗan jan maɓalli a baya mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Kayan da ya fito daga Amurka yana iya zuwa a kan 115, ka jona shi haka, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Duba kafin ka jona. Sannan ka tuna da UPS ɗinka. Wanda aka rubuta wa 650VA abin da yake ɗauka bai wuce wat 360 zuwa 390 ba, ga monita a kai. Ka ƙara kati mai wat 170, ranar da NEPA ta ɗauke kana tsakiyar fitar da bidiyo, kuka ɗaya zai yi ya mutu tare da aikin.

Mataki na 5: Yanzu ka zaɓi kati

Da takardar awonka da lissafin wuta a hannu, za ka ga jerin ya rage da kansa.

Idan siririn akwati ne ba fulogi, zaɓinka kaɗan ne. RTX 3050 mai 6GB, wanda ya fito a 2024, yana cin wat 70 kuma akwai gajerensa. Shi ne mafi ƙarfi a wannan aji da mai ƙaramin ƙarfi zai iya nema, sai dai yawancinsu rami biyu suke ci. Kada ka rikita shi da RTX 3050 mai 8GB, wanda ke buƙatar fulogi. GTX 1650 gajere yana biye da shi, mai 4GB, amma ka duba da idonka, wasu nau'o'insa suna da fulogi mai ido 6. RX 6400 yana cin wat 53, ana samunsa a kaurin rami ɗaya, don haka shi ke ceton masu matsattsen wuri. Aibinsa biyu: layi huɗu kawai yake amfani da su na PCIe, saboda haka a tsohon madabod mai PCIe 3 yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, sannan ba shi da sashen da ke matse bidiyo. Mai haɗa bidiyo ya kauce masa. GT 1030 kuwa na ƙara monita ne da kallon fim, shi ma ba ya taimakon mai fitar da bidiyo. In dole sai shi, nemi mai GDDR5; akwai mai DDR4 da suna iri ɗaya wanda ƙarfinsa ya yi ƙasa sosai.

Idan dogon akwati ne da fawa saflai mai kyau, fili ya buɗe. GTX 1660 Super mai 6GB, wat 125, har yanzu yana riƙe wasannin ƙwallo da GTA V a 1080p ba gardama. RX 6600 mai 8GB, wat 132, ya fi shi ƙarfi, kuma a ganina shi ne mai kyan ciniki ga ɗan wasa. RTX 3060 mai 12GB, wat 170, shi nake nuna wa masu DaVinci Resolve da Blender da Lumion, saboda yawan ma'ajiyarsa da kuma yadda manhajojin aiki da yawa suka fi jituwa da Nvidia. Akwai RTX 3060 mai 8GB, wanda aka rage wa ƙarfi, ka tambaya da kyau. RTX 4060 mai 8GB yana cin wat 115 kacal, ga wanda ke kan sola ko inbata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Intel Arc B580 mai 12GB yana da kyau a farashinsa, amma yana son wani saiti da ake kira Resizable BAR, wanda sai firosesan Intel na ƙarni na 10 ko Ryzen 3000 zuwa sama. A tsohuwar kwamfuta kada ka kusance shi.

Sai RX 580 mai 8GB, wanda ya cika kasuwa kuma arharsa ke jan ido. Na 2017 ne, yana cin wat 185, yana da zafi, kuma da yawansu sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana kafin Ethereum ta daina amfani da katuna a Satumban 2022. Wanda aka rubuta wa 2048SP ma kusan RX 570 ne da aka sauya wa suna. In aljihu bai kai ga wani ba, a saya, amma sai an gwada shi sosai.

Gargaɗi: yawan GB ba shi ne ƙarfi ba. GT 730 mai 4GB ba ya kama ƙafar GTX 1650 mai 4GB. Mai shago zai ce maka "fo gig ne", ka tambaye shi lambar katin.

Mataki na 6: Leƙa bayan monita

Sababbin katuna HDMI da DisplayPort suke da su. Idan monitarka mai shuɗin kan nan ce ta VGA kaɗai, sai ka haɗa da 'yar na'urar juya HDMI zuwa VGA. Wayar DVI zuwa VGA ta da ba ta aiki a katunan Nvidia daga jerin GTX 10 zuwa sama. In kana da monita biyu, ƙirga ramukan katin tun a hoto.

Mataki na 7: Haɗa lissafin kuɗin gaba ɗaya

Farashin kati a naira yana bin dala ne, abin da aka faɗa maka wannan watan ba lallai ya kai wata mai zuwa ba. Abin da ke taimakawa shi ne sanin farashin da kamfani ya sa ranar fitowa: RTX 3060 dala 329 a 2021, RTX 4060 dala 299 a 2023, Arc B580 dala 249 a ƙarshen 2024. Idan ana neman sayar maka da na hannu mai shekara huɗu a kusa da wannan kuɗin, ka san an yi maka tsada. Tambayi wuri uku aƙalla, a ce Farm Centre ko titin Beirut a Kano, Banex a Abuja, Computer Village a Ikeja, kafin ka tsayar da magana.

Kuɗin kati ba shi ne kuɗin aikin ba. Rubuta har da fawa saflai idan za a sauya, wayar juyi, wayar monita, fanka ɗaya ko biyu, kuɗin mota, da ladan mai gyara in ba da kanka za ka saka ba. Idan kuɗin bai isa duka ba, sauko da kati mataki ɗaya ka sayi fawa saflai nagari. Akwai kuma kuɗin wuta: katin da ya fi wani da wat 100, in kana aiki awa 5 kullum, yunit 15 ne ƙari a wata. Mai mita ya san abin da hakan ke nufi, mai janareta ya fi shi sani.

Mataki na 8: Gwada kafin ka biya

In da hali, ɗauki akwatinka ka tafi da shi shagon. Nauyinsa bai kai nauyin dawowa rigima ba. In ba hali, a sa katin a kwamfutarsu a gabanka.

Fara da ido. Juya fankokin da yatsa, su juya sumul ba karkarwa. Duba haƙoran zinaren da ke shiga rami, kada a ga ƙuna ko karce mai zurfi. Shinshina wajen fulogin wuta. Dubi bayan allon ko akwai inda ya yi launin ƙasa-ƙasa saboda zafi, ko tsatsa a jikin ƙarfe.

Sai ka sa filas ɗinka ka buɗe GPU-Z. Zai nuna ainihin ƙwaƙwalwar katin, da girman ma'ajiya da irinta. Akwai katunan jabu da yawa, tsohon GTS 450 da aka sauya wa suna ya koma GTX 1050 Ti. Na gaskiyar yana da Shaders 768, na jabun 192, kuma sau da yawa GPU-Z yana rubuta FAKE a gaban sunan. Alama mafi sauƙi: in ka ga GTX 1050 Ti da shuɗin ramin VGA a bayansa, ajiye shi.

Daga nan kunna FurMark, manhajar da ke sa kati aiki iya ƙarfinsa, na minti 15. Mai shago zai ce ai minti biyu ya isa, ka ce masa kana da lokaci. Kana kallon abu uku: kada hoto ya fito da ɗige-ɗige ko layuka masu launi, kada allo ya ɗauke, kuma zafi ya tsaya wuri ɗaya. Ni in ya haura digiri 85 yana ci gaba da hawa, ba na saya. Gwada kowane ramin HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya.

Gargaɗi: "garanti" na baka ba garanti ba ne. A rubuta maka a rasit kwana nawa ne, da lambar jikin katin, ka ɗauki hoton lambar. Idan daga nesa za a turo, a yi maka bidiyon gwajin da lambar a fili kafin ka tura ko kwabo.

Mataki na 9: Sakawa

1. Tun kafin ka cire tsohon kati, sauko da direban sabon, wato manhajar da ke sa Windows ta iya aiki da shi, daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel ka ajiye. Shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da muhimman abubuwa kawai, ka goge tsohon direba da DDU, musamman in kana sauya kamfani.
2. Kashe, zare wuta, danne maɓalli, taɓa ƙarfe. Kwantar da akwatin a gefensa, ka share ƙura da buroshi tunda ka riga ka buɗe.
3. Kwance notin tsohon katin, danna ɗan makullin da ke ƙarshen rami, sannan ka ja. Kada ka fizga ba ka danna makullin ba, ramin kansa yana iya tasowa daga madabod.
4. Cire ƙarafan baya daidai yawan ramin da sabon zai ci.
5. Riƙe katin ta gefuna, daidaita shi, danna da tafin hannu a hankali har ka ji makullin ya ce ƙas. Ɗaure noti.
6. Sa fulogin wuta har ƙugiyarsa ta kama. In katin na da ramin fulogi biyu, cika duka biyun. Tabbatar ba wayar da ke taɓa fanka.
7. Jona wayar monita a jikin katin, ba a ramin madabod na sama ba. Rabin masu kirana suna cewa "ba hoto" wannan ne laifinsu.
8. Kunna, sa direba, sake kunnawa, ka buɗe GPU-Z ka tabbatar sunan ya fito daidai.

In fanka na juyawa amma allo baƙi ne, zare katin ka sake zaunar da shi, ka sake duba fulogi, ka gwada wata wayar. In har yanzu shiru kuma kwamfutar ta kai shekara goma sha, mayar da monita kan madabod, ka sabunta BIOS, manhajar da ke cikin madabod, daga shafin kamfanin kwamfutar, domin wasu tsofaffin ba sa gane sababbin katuna sai an yi haka. Kada ka fara sabunta BIOS a kan wutar NEPA tsirara. In ta ɗauke a tsakiya, madabod ɗin na iya tafiya. In kuwa komai na aiki amma kwamfutar na mutuwa da zarar wasa ya yi nauyi, koma mataki na 4, fawa saflai ne ya gaza.

Mataki na 10: Makon farko, zafi da ƙura

Gwajin shago an yi shi ne da murfi a buɗe, wataƙila ma a ɗaki mai sanyi. Ainihin gwajin yana ɗakinka, murfi a rufe, da azahar a watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40. Bar GPU-Z a buɗe a shafin Sensors kana aikinka na yau da kullum. In zafin ya tsaya ƙasa da 80, ka huta. In yana wuce 85, akwatin ba ya numfashi: sa fanka ɗaya a gaba tana jawo iska, ɗaya a baya tana fitarwa, ka tattara wayoyin da suka tare hanya ka ɗaure. In na hannu ne kuma iska ba ta gyara ba, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya ya bushe, a kai wa mai gyara ya sauya, amma sai kwanakin garantin sun cika, don mai shago ba zai karɓi katin da aka kwance ba.

Ɗaga akwatin daga ƙasa, ko a kan benci ne, kada ka cusa shi cikin durowar tebur. Lokacin hunturu ka buɗe duk wata ka hure ƙura, kana riƙe da fankar katin da yatsa don kada iskar ta juya ta fiye da kima. Idan katin dogo ne ka ga gabansa ya fara sunkuyawa, yanko ɗan katako ko roba daidai tsayin, ka tokare shi daga ƙasa a wurin da ba zai taɓa fanka ba.